Shingen da Hambali Ya Rufe

An ɗauke wuta tun bayan isha'i, zafi ya hana kowa shiga ɗaki. Yaya Saddiƙa, 'yar kawunsu da ta zo hutu, tana zaune a tabarma tsakar gida tana tsefe kan Nusaiba. Walida na gefe tana fifita da yankin kwali.

"Yaya, ki ba mu na aljanu," in ji Walida.

"Ke da ko banɗaki ba kya iya zuwa ke kaɗai?"

"Wallahi yau ba zan ji tsoro ba."

"To ku yi bisimilla. Kuma kar wadda ta waiga." Ta rage murya. "Kun san Hambali mai walda na bakin kasuwa? Wanda yake sa safar hannu ɗaya ko ana zafin mutuwa?"

"Baban Zinatu?"

"Shi. To ku ji abin da ya sa."

Shekarun baya, wani babban ɗan kwangila ya samu aikin kewaye sansanin sojoji da shingen ƙarfe, can a wani tsibiri cikin Tafkin Chadi. Sai ya yanko wa Hambali aikin waldar. Lokacin matarsa Zulai na da tsohon ciki, na fari, bayan sun daɗe suna nema. Ranar tafiya ta biyo shi har zaure, ta riƙe masa gefen riga.

"Malam, kar ka tafi."

"Aikin ba yawa. Kafin ki sauka na dawo. Ni zan yi wa jaririn huɗuba da bakina."

"In Allah ya yarda," ta ce.

Shi bai ce ba. Hankalinsa na kan mota.

Daga mota sai jirgin ruwan sojoji. Suka yi ta ratsa kachala, ciyawar nan ta ruwa da ta fi mutum tsawo, har Hambali ya daina sanin gabas. Suna sauka wani soja ya karɓe wayarsa ya jefa a buhu, ya rataya masa kati a wuya. Sannan aka kai shi gaban Saje Bitrus, wani gajeren mutum mai jajayen idanu, kamar wanda ya manta yadda ake barci.

"Saurara, mai walda. Nan ba gari ba ne. Rana na faɗuwa ka shige kwantenarka. Ba tocila, ba sigari, ba waƙa. Wanda aka gani kusa da shinge da dare harbi ne, sai da safe a duba ko waye. Kuma ba ka barin tsibirin nan sai Oga kwamanda ya ce ka bari. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

"Ni ba hakimi ba ne. Saje za ka ce."

Haka ya fara zama. Shi ba soja ba, shi ba baƙo ba. Sai sojoji sun gama ci a zuba masa. Kifi da safe, kifi da yamma. Kwantenar da rana kamar tanda, da dare kuma sauro ya karɓi aiki. Ko'ina ya juya, ruwa ne da ciyawa. In kewar gida ta taso, ba wanda zai kira. Sai ya zauna ya yi ta kallon katin wuyansa.

Amma akwai abu ɗaya da ya lura da shi tun farko.

Wata siririyar hanya ce ta ratsa tsibirin, daga ruwan gabas zuwa ruwan yamma. Ciyawa ba ta fitowa a kanta. Yashinta kullum a jiƙe, ko da tsakar rana. Kuma tsofaffin dangogin zana na masuntan da aka tasa daga wurin, duk wanda hanyar ta bi ta kansa, an bar masa kafa. Daidai faɗin mutum ɗaya.

Akwai wani tsohon masunci, Baba Fugu, shi kaɗai aka yarje wa ya kawo kifi sansanin. Ranar da Hambali ya kafa ƙarfe a kan hanyar ta ɓangaren gabas, tsohon ya ajiye kwandonsa ya tsaya.

"Ɗana, nan ma rufewa za ka yi?"

"Haka aka ce, Baba. Zagaye duka."

"Mu da muka zauna nan tun kakanni, ba mu taɓa rufe nan ba. Ko dangar akuya ce sai mun bar kafa."

"Ta wa?"

Tsohon ya kalli ruwa. "Ta masu wurin. Mu aro muke."

Hambali ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya je ya faɗa wa Saje.

"Kafa?" Saje ya zaro ido. "In bar kafa yaran daji su shigo su yanka mu muna barci? Ka san mutum nawa na binne a bakin ruwan nan? Rufe min, malam. Ko ɓera ban yarda ya wuce ba."

Ya rufe gabas. Ya bi kudu, ya bi arewa. Ya rage yamma kawai, wurin da hanyar take sauka cikin ruwa.

Ranar da zai gama, rana tsaka ce, iska ko motsi ba ta yi. Ya ɗora ƙarfen ƙarshe, ya sauke baƙin gilashin walda a fuskarsa. Kun san gilashin nan, ba a ganin komai a ciki sai wutar walda. Ya ƙyasta. Wuta ta tashi.

Sai ya ga ƙafafu.

A cikin gilashin. Dab da shi, ta cikin shinge. Ƙafafun mace, jiƙe sharkaf. Yatsun a manne da juna da wata siririyar fata, irin ta agwagwa.

Ya ɗage gilashin da sauri. Ba kowa. Yashi ne da rana.

Ya ce a ransa yunwa ce. Ya sauke, ya sake ƙyastawa. Yanzu har zanenta ya gani, yana ɗigar ruwa. Tana sauri, tana nufo kafar da ta rage. Hannu ɗaya ta miƙo, kamar mai cewa dakata.

"Mai walda!" Saje ya daka tsawa daga baya. "Barci kake? Gama mana!"

Hambali ya runtse ido, ya ɗinke ƙarfen.

Da daren nan yana kwance, ya ji ƙasan kwantena ya yi sanyi. Ya taɓa. Ruwa. Sannan aka ƙwanƙwasa. Ba a ƙofar ƙarfen ba. A jikin katakon da ya tokare ta da shi.

"Mai wuta."

Muryar kamar ta wanda ya zura kai cikin randa yana magana.

Ya ja bargo ya rufe kai. Ya kama Ayatul Kursiyyu, ta kakare masa a tsakiya. Ya sake daga farko.

"Karanta, ba na hana ka. Ni ma ina jin tsoron Wanda kake kira. Ba cuta na zo yi ba. Ka rufe ni a ciki."

Ya ƙara ƙudundunewa cikin bargon. Muryar ta ci gaba.

"Na ajiye ɗana a bakin ruwan yamma, na tsallaka gabas, na tarar ka toshe. Na juyo, ka toshe. Ka gan ni. Na ɗaga maka hannu."

"Sa ni aka yi," ya ce, da ƙyar. "Wallahi sa ni aka yi."

"Ba na iya taɓa ƙarfe. Hannun da ya rufe, shi zai buɗe."

"Harbe ni za su yi."

Sai can daga cikin kachala, ta yamma, kukan jariri ya taso. Siriri. Yana yi yana shiɗewa.

Sojojin gadi ma sun ji. Wani ya ce tsuntsu ne. Wani ya ce dabarar yaran daji ce, so suke a fito. Aka buɗe wuta cikin ciyawar, tatatata, har ƙasa na girgiza. Da aka tsagaita, kukan ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A bakin ƙofarsa kuma, wani kukan ya amsa. Ƙasa-ƙasa. Na uwa.

Nusaiba ta matso ta cusa kai a hammatar Yaya Saddiƙa. "Yaya, harsashin bai same shi ba?"

"Yi shiru ki ji."

Da gari ya waye, Hambali ya ce shi dai gida. Aiki ya ƙare, Oga ya sa hannu, jirgin kayan abinci ya zo zai koma. Ya ɗauki jakarsa, ko kayan aikin bai tsaya haɗawa ba. Ya taka cikin jirgin.

Injin ya mutu.

Direba ya ja, ya ja. Shiru. Aka ce kowa ya sauka a duba. Ƙafar Hambali na taɓa ƙasa, injin ya tashi da kansa. Aka koma. Yana shiga, ya mutu. Aka sake. Haka.

Sojojin suka daina dariya. Direban ya kalle shi sama da ƙasa.

"Malam, me ka taka?"

"Ban taka komai ba. Don Allah ku tafi da ni. Matata na da tsohon ciki."

"Mu ma muna da mata. Sauka."

"Ko a kan buhuna zan kwanta, don girman Allah."

Suka ɗago shi kamar buhun gawayi suka dire a gaɓa. Yana tsaye ruwa na lasar takalminsa, jirgin ya shige cikin kachala. Ƙararsa ta yi nisa, ta ɓace.

Da dare ta dawo. Muryar ta canza, ta bushe, tana karcewa.

"Muddin ina ciki, kana ciki."

"Ki yi min rai."

"Ni wa zai yi min? Nonona ya cika yana zuba a yashi, ɗana na jin ƙanshinsa. Matarka ta durƙusa tun jiya. Mai ɗan tabo a haɓa. Ungozoma ta yi iya yinta. Sun kai ta asibiti a bayan a-kori-kura."

Hambali ya miƙe zumbur. Bai taɓa faɗa wa kowa a tsibirin nan kamannin Zulai ba.

"Me kika yi mata?"

"Ban yi mata komai ba. Ni da ko shinge ban iya tsallakewa? Hanya ka rufe, mai wuta. Ba tawa kaɗai ta rufu ba."

Ya buɗe ƙofar da ƙarfi. Duhu. Ba kowa. Sai sawu biyu a ƙasa, masu faɗi, ruwan cikinsu ya kusa ƙafewa.

Da asuba ya je ya zube gaban Saje. Babban mutum, da gemunsa, yana kuka kamar yaro. Ya faɗi komai.

Saje bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya kofin shayinsa.

"Kana tsammani ban ji ba? Ta bayan tantina take wucewa tana kuka. Ni ma na yi addu'a irin tamu har na gaji."

"To ka bari in buɗe. Ƙarfe ɗaya tak."

"In je in ce wa Oga me? In ce aljana ce ke neman hanya? Shi zai ce an saye ni, kai kuma ɗan leƙen asiri ne. Ka san abin da ake yi wa ɗan leƙen asiri a nan?"

"Saje, matata mutuwa za ta yi."

"Ni ma rayukan yaran nan na wuyana." Ya kau da kai. "Ba ni da yadda zan yi, Hambali."

Ranar ce kaɗai ya kira sunansa.

Hambali ya koma bakin shingen yamma ya zauna a rana. Ga injin yankan ƙarfe a gefensa. Ga soja a saman buhunan yashi da bindiga. Ya kai hannu, ya janye. Ya kai, ya janye. Yashin hanyar da kullum yake jiƙe ya fara tsagewa kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe.

Nan Baba Fugu ya same shi. Tsohon bai tambaye shi komai ba. Ya kalli yashin, ya kalli ƙarfen. Sai ya jingine gorar da yake tura kwalekwale da ita a jikin shingen.

"Na gaji da ɗaukar wannan, ɗana. Kaurinta ɗaya da ƙarfenka." Ya ɗauki kwandonsa. "Su itace ba ya hana su."

Ya tafi bai waiwayo ba.

Hambali ya kalli gorar. Ya kalli gwangwanin baƙin fenti. Ya tashi ya koma wurin Saje.

"Saje, ƙarfen ƙarshen nan bai kamu da kyau ba. Hannuna na rawa ranar. Ina so in gyara."

Saje ya zuba masa jajayen idanun nan. Ya daɗe.

"Aikin banza kuka iya, ku 'yan kwangila," ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Je ka gyara. Kai, Kofur! Sauko ka sha shayi, rana ta yi yawa."

Sojan gadi ya sauko. Saje ya juya wa shingen baya.

Hambali ya yanke ƙarfen. Ya faɗi a yashi, tim. Ya sauke baƙin gilashin, ya ƙyasta wuta a jikin wani guntun ƙarfe don ya gani.

Tana nan. Rarrafe take. Fatarta duk ta tsattsage, leɓenta ya yi fari, zanen ya bushe ƙamas. Ta iso kafar ta kasa ɗaga jiki, don akwai ƙarfen gindi a kwance, wanda aka binne rabi a ƙasa. Ba za ta iya taɓa shi ba. Ta ɗago kai ta kalle shi.

Bai san lokacin da ya miƙa hannun dama ba.

Ta kama. Sanyi ya ratsa shi har cikin haƙori. Ba ta da nauyi, kamar ka ɗaga jiƙaƙƙen zane. Ya tsallakar da ita. Wutar ta mutu, gilashin ya koma baƙi ƙirin.

Ya ji ruwa ya ce cuɓul.

Kukan da ya kwana biyu yana cin ran kowa ya tsaya cak. Sai wani ɗan sauti, irin na jariri in ya kama nono.

Da sauri ya yanka gorar daidai tsawo, ya kafa, ya ɗaure da waya sama da ƙasa, ya shafe da baƙin fenti. In ba taɓawa ka yi ba, ba za ka gane ba.

Amma an taɓa. Washegari Oga na zagayen duba aiki, yana bugun kowane ƙarfe da 'yar sandarsa. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal. Ya zo kan wannan. Ƙwaf.

Ba sai na faɗa muku dukan da Hambali ya sha ba. Suka ɗaure shi a rana, suna tambaya wa ya aiko shi, wa zai shigo ta nan. Ya ce ba kowa. Suka ƙara. Ya nemi Saje da ido. Saje na tsaye, yana kallon takalminsa. Sai can ya ce, "Oga, wannan ba ɗan leƙen asiri ba ne. Ɓarawon ƙarfe ne kawai, irinsu sun cika gari. A kore shi."

Aka tsinke katin wuyansa. Aka jefa shi cikin jirgi, fuska a kumbure, ba jaka, ba kayan aiki. Ya kwanta a kan buhunan wofi yana jiran injin ya mutu.

Bai mutu ba.

Suna cikin kachala ya ji hannun damansa na ɗiga. Ya duba. Ba jini ba ne. Ruwa ne, mai sanyi, yana tsattsafowa daga tafin. Ya goge a riga. Ya sake tsattsafowa.

Ba ko sisin mota, sai da ya yi kwanaki a hanya. Ya iso gida an riga an yi suna. Wani ne ya yi huɗubar. Zulai na kwance ta rame kamar ba ita ba, jaririya a gefenta. Ta ce likitoci har sun fara shirin fiɗa, ana neman jini an rasa, ita kuma ta riga ta yi shahada. Sai da rana tsaka ta ji kamar an kama hannunta da wani hannu mai sanyi, an tsallakar da ita wani abu. Sai kukan yarinya.

Hambali ya ɗora tafin nan a goshin jaririyar, zazzaɓin da take yi ya sauka. Har yau in yaro na zazzaɓi a unguwarsu, cikin dare ake buga masa ƙofa. Ya cire safar, ya dafa, ya mayar. Ba ya karɓar ko goro. Kuma ba ya son a yi masa godiya.

Walida ta matso. "To shingen fa, Yaya? Sun bar gorar?"

"Ina fa. Cire ta suka yi. Suka kawo wani mai waldar daga wani gari, ya mayar da ƙarfe."

"Shi kuma ya dawo gida?"

Yaya Saddiƙa ta ci gaba da tsifa, a hankali. "An ce duk jirgin da ya taka, injin mutuwa yake."

Ba wadda ta yi motsi. Kwalin fifitar ya tsaya a hannun Walida.

"Shi ya sa nake gaya muku. In kuka ga siririyar hanya a jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, kar ku bi ta ku kaɗai. Kar ku tsaya a kanta. Kuma ko da wasa, kar ku sa mata ko dutse." Ta ɗaure ƙarshen gashin Nusaiba. "Wa ya yi muku ƙyauren gidan nan?"

"Baban Zinatu," in ji Nusaiba.

"Kun taɓa ganin ya rufu duka?"

Suka tuna. Kullum babansu na faɗa a kan ƙyauren nan. A tura, a sa sakata, da safe a tarar da 'yar kafa. An kira Hambali ya gyara ya fi a ƙirga. Ya zo, ya duba, ya ce lafiyarsa ƙalau.

Daga zaure, ƙyauren ya ce ƙiiii. A hankali.

"Iska ce," in ji Walida.

Ganyen darbejiyar tsakar gida ko ɗaya bai motsa ba.

"Ku janye tabarmar nan gefe," Yaya Saddiƙa ta ce cikin raɗa. "Mun zauna a tsakiya."